Kwanukan Makokin Kyaftin

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma, da mai gaggawa da mai jan ƙafa. Kakana ya amsa kira ranar wata Talata da hantsi, a wani asibiti a nan Kuala Lumpur, yana da shekara tamanin da 'yan kai. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa, gidanmu kuwa da ke hawa na tara a bayan kasuwar Chow Kit ya cika har bakin lif. Takalma suka taru a ƙofa, sai da maƙwabciyarmu 'yar ƙasar ta fito da kwando ta ce a riƙa zubawa a ciki.

Ina zaune kusa da Iya, kakata, ina kallon masu shigowa yi mata gaisuwa. Kowa da fuskar makoki yake shigowa, ya durƙusa ya ce ya haƙuri, a yi addu'a a shafa. Amma da zarar idonsa ya faɗa kan ƙofar ɗakin Kaka, sai ka ga leɓensa ya fara rawa. Wani dattijo mai safarar takalma zuwa Kano ya daure iya daurewa, can ya nisa ya ce, "Allah ya jiƙan Kyaftin. Awa huɗu ya taɓa tsare ni a ɗakin can, jirgina ya tashi ya bar ni." Liman ya sunkuyar da kai yana tari, tarin da duk mun san ba tari ba ne. Daga baranda na jiyo wani ɗalibi yana ce wa abokinsa, "Baba Kyaftin don go, wallahi. Yanzu ina za mu je makan, mu ci tuwon kyauta, in wata ya yi nisa?" Abokin ya ce, "Ni har labarin ma zan yi missing." Shi da ya faɗi haka shi ya fara fashewa da kuka.

Ni kaɗai ce ko murmushi ban yi ba ranar, ba kuma don na fi kowa jin mutuwar ba. Alkawari ne a wuyana. Ana gobe zai cika ya riƙe hannuna ya sa na ɗaukar masa abu biyu: ba zan bari a raba kayan ɗakin nan ba, kuma zan rubuta labarin kowanne a littafi. Na ce na ɗauka. Abin da ban gaya masa ba shi ne, a duk kayan nan babu guda ɗaya da na riƙe labarinsa daga farko har ƙarshe.

Ni jikarsa ce, saboda haka duk wanda ya ga na tsokane shi a rubutun nan kada ya ce ba ni da kunya. Tsakanin jika da kaka ba a rufe wasa don an rufe kabari. Amarya yake ce mini, ni kuma in ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Shekarata goma sha tara aka turo ni daga Kano in yi karatu a wata kwaleji mai zaman kanta, aka sauke ni a gidansu. Karatun ya ƙare, na sami aiki, ban tashi ba har yau.

Sunan Kyaftin ɗalibai ne suka laƙaba masa. Bai taɓa sa kakin soja ba, kuma ko a kududdufi bai iya iyo ba. Ɗan kasuwa ne, ya fi shekara talatin yana sayen yadi da mayafai a titin Jalan Masjid India yana aikawa gida. Amma duk ran da ya rufe harkar yadi, hankalinsa na kan abu ɗaya: jirgin ƙarƙashin teku, wato jirgin yaƙin nan da ke nutsewa ya yi tafiyarsa a ɓoye. Duk inda ya ji an ce wani tsoho yana da abin da ya fito daga irin jirgin nan, sai ya je. Da haka ya cika ɗaki guda, wanda Iya ta so ya zama na baƙi. Akwai ƙararrawar tagulla, da agogon auna zurfi, da hulunan matuƙa da asu ya ɗanɗana, da cokula, da maɓallan riga, da wasiƙu cikin harsunan da ko harafi ɗaya bai iya karantawa ba, amma ya san abin da ke cikin kowacce don ya sa an karanta masa ya haddace.

Ba duka ne na gaske ba, gaskiya ɗaya ce. Akwai wani kambun ƙarfe da ya ɗauko tun daga tsibirin Penang yana huci, ya ce da shi ake buɗe wa jirgi ruwa ya nutse. Baffana, ƙanin mahaifina da ya tashi a nan har Hausarsa ta gauraya, ya juya shi ya ce, "Baba, this one na tankin ruwan masallaci ne lah, ga sunan kamfanin famfo a jiki." Kaka ya karɓe abinsa ya goge da hannun riga, ya ɗora a kan kanta. Ya ce, "Shi ma ai ya ga ruwa."

In ka tambaye shi me ya haɗa Bakano da jirgin ƙarƙashin teku, kullum da amsar da zai ba ka. Yau ya ce don ba sa tayar da ƙura. Gobe ya ce don su kaɗai ne abin hawan da ɗan'uwa ba zai ce a rage masa hanya ba. In Iya na kusa sai ya ɗaga murya ya ce, "Don ba su da surutu." Mun yi ta dariya shekara da shekaru, kuma babu wanda ya lura cewa bai taɓa amsa tambayar ba.

Ƙofarsa a buɗe take ga duk Bahaushen da ke garin nan, musamman ɗaliban da aiken gida ya yi musu jinkiri. Tuwo kyauta ne, amma labari dole. Sai ka wanke hannu ka kai loma ta biyu, lokacin da ba ka da bakin cewa kana sauri, sannan zai shiga ɗaki ya fito da abu ɗaya ya dire kusa da kwanon miya. Kuma yana da wata ɗabi'a: kowane mutum da abinsa. In ya haɗa ka da cokali ranar farko, to kai da cokalin nan mutu ka raba, ko sau hamsin ka zo labarinsa za ka ji. Ni da nake cikin gidan na koyi dabara tun da wuri. Da na ji ƙarar ƙofar ɗakin sai in tuna ina da karatu.

Tsakaninsa da Iya kuwa yaƙi ne na shekara talatin a kan abin da take kira tarkace. Ta taɓa kifa ƙararrawar nan ta daka citta a ciki don turminta ya tsage, ya dawo ya tarar, ya zauna a ƙasa yana salati. Shi ma ya rama ba da niyya ba. Da suka tare a gidan nan ya ce ba ya buƙatar kowa ya nuna masa gabas, yana da kamfas na jirgin yaƙi. Ya auna, ya ja layi a ƙasa, gida duka aka bi. Sai bayan shekara biyu liman ya zo cin abinci, ya tashi zai yi salla, ya dubi dardumar ya dubi taga, ya ce a kawo masa kamfas ɗin ya gani. Allurar ta daɗe da maƙalewa. Har ya rasu, in gardama ta yi zafi Iya takan ce, "Kai da ka sa na shekara biyu ina yi wa Japan ruku'u."

Da ta ɗauko wannan, sai ya miƙe ya gyara hula ya ce, "A nutsa!" ya shige ɗakinsa ya rufo. Bayan kamar rabin awa sai ƙofar ta buɗe kaɗan, wani guntun bututu mai madubi ya leƙo, irin wanda matuƙa ke duba saman ruwa da shi. Ya juya hagu, ya juya dama. In ya hango Iya ta saki fuska sai ya fito yana tambaya ko akwai shayi. In ba ta saki ba, bututun ya koma.

Sau ɗaya tak na ga fushinsa na gaske, kuma a kaina ya sauka. A can saman kanta akwai wata 'yar kwalba mai ruwa, ba rubutu a jikinta, kuma ita kaɗai ce bai taɓa saukowa da ita gaban baƙo ba. Safiyar wata jarrabawa da ban shirya mata ba, na ce a raina ai wannan zamzam ce tsoho yake ɓoyo. Na taka kujera na ɗauko, na yi bismilla, na roƙi Allah buɗin ƙwaƙwalwa, na kurɓa. Gishiri ne zalla, har da ɗaci. Ina cikin tofarwa ya shigo. Bai yi tsawa ba. Ya karɓi kwalbar da hannu biyu, ya duba inda ruwan ya tsaya, ya rufe ta. Kwana uku bai ce mini amarya ba, sai dai "ke". A rana ta huɗu ya sayo mini roti, irin gurasar nan tasu, a shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa da ke ƙasan bene, ya ajiye a gabana, maganar ta wuce ba tare da ya gaya mini laifina ba.

Littafin da na ambata tun makon da na iso ƙasar ya ba ni shi, babba mai baƙin bango. Ya ce, "Amarya, ke ce mai boko. Ni zan faɗa, ke ki rubuta." Na ce gobe, Kaka. Shekara goma sha ɗaya ina ce masa gobe, shi kuma yana cewa Allah ya kai mu. Ranar da ya rasu babu abin da ke cikin littafin sai sunana da na rubuta a shafin farko, har da ado.

To, a kwana ukun makoki abinci ya yi ta shigowa gidanmu ta ko'ina. Kuloli, kwanukan silba, robobin tapau na sayen abinci a tafi da shi, har da tukunya sukutum daga wata Hajiya mai sayar da tuwo a Chow Kit. Iya kuwa tana da doka tun tana amarya: kwanon mutane ba ya fita daga gidanta fanko. Ko sabulu ne, ko dabino, ko 'yar daddawa, sai ta jefa wani abu ta rufe. Na ga tana kiran mata ɗaya bayan ɗaya tana miƙa musu kwanukan mazajensu a ɗaure cikin ɗankwali, na ga wasu suna fita suna rinjaye gefe guda saboda nauyi, amma hankalina bai kawo komai ba.

Safiyar rana ta huɗu na yi wanka na ɗauki littafin nan, na ce ko sunayen kayan ne in rubuta. Na tura ƙofar ɗakin. Kantoci wayam, sai zanen ƙura inda kowane abu ya zauna. Abin da ya rage kawai 'yar kwalbar nan a sama, ita ma babu ko ɗigo a cikinta.

Na fito da gudu. "Iya, ɓarayi sun shiga!"

Tana zaune a kan tabarmar takaba da carbi a hannu. Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wane ɓarawo ne zai hau bene tara don tsatsa?"

"To ina kayan Kaka?"

"Na mayar wa mutane kwanukansu."

Na ce, "Iya, sabulu fa? Dabino fa? Alkawari na yi masa ba za a raba su ba!"

"Ke kika yi, ba ni ba," in ji ta. "Sadaka ce na yi wa mijina. In kina da fuskar da za ki bi gida gida ki ce a dawo da sadakar mamaci, ga hanya nan."

Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Na ji haushin Iya ƙwarai, na ce a raina ko kwana bakwai ba ta bari ya yi ba ta ci yaƙinta. Amma haushin kaina ya fi yawa. Labaran sun bi shi kabari saboda lalacina, yanzu kayan ma sun watse, ban cika masa ko ɗaya ba.

Washegari na naɗe jakar bakko na cusa a jakata tare da littafin, na nufi shagon Hajiya mai tuwo. Tun daga matakala na ji ƙarar ƙararrawa. Ta rataye ta a saman inda take zuba miya, ta goge ta har tana ɗaukar ido, yadda ban taɓa ganinta ba a hannun mai ita. Na durƙusa na gaishe ta, na ce na zo godiyar abinci.

Ta dubi jakata. "Godiya da bakko?"

Na fara in-ina. Ta kaɗa ludayi ta ce, "Zauna, 'yar nan. Kin san wa ke goge ƙararrawa a jirgi? Ba kyaftin ba ne, mai dafa abinci ne. Haƙƙinsa ne. In za a nutsa kuma sai a naɗe harshenta da tsumma, don a ƙasa ƙara ajali ce, ko cokali ne ya faɗi masu farautarku za su ji daga sama. Mai abincin jirgin nan, ranar da aka bi su aka tsaya a kansu tun safe har yamma, a ƙafar safa ya yi ta yawo yana ciyar da mutane, ko murfin tukunya bai yi motsi ba. Da ya tsufa ɗansa ne ya ba kakanki ita, don ya ga ya zauna ya saurari labarin har ƙarshe." Ta share ido da gefen mayafi. "Duk ranar da na kai masa dambu sai na ji wannan. Har mafarkinsa nake yi. Yakan ce, Hajiya, ke ma jirgi kike ciyarwa."

Ban san lokacin da na zaro littafin ba. Na ce ta maimaita a hankali. Na bar shagon da shafi uku a cike da tuwon shinkafa a roba, ƙararrawa kuma tana inda take, don bakina ya ƙi buɗuwa in tambaya.

Na biyu wani ɗalibin digiri na uku ne a Jalan Semarak, wanda ya daɗe a karatun har furfura ta fito masa a gemu, yara suna ce masa Dakta Saura Kaɗan. Na same shi a ɗakin karatu, agogon auna zurfin yana kan teburinsa. Da ya gan ni ya ɗora hannu a kai kamar za a ƙwace masa yaro.

Ya ce, "Kin ga jan layin nan? In allura ta wuce shi, ƙarfen jirgi ya fara kuka, daga nan sai ya lotse. Wannan ta taɓa wuce shi, suka dawo da rai, don wani ƙaramin ma'aikaci ya ƙi sakin kambun da yake riƙe da shi har fatar hannunsa ta saɓule." Ya ƙara da cewa, "Shekarar da supervisor ya watsar mini da aikin shekara uku, na kulle kaina a ɗaki, na kashe waya, ban gaya wa kowa ba. Tsohon nan ya hau bene huɗu ba lif, da wannan a hammata da kular tuwo a hannu. Ya yi ta bugu har na buɗe. Ya ce, malam, ka wuce jan layi, ɗago haka nan. Ya zauna ya ba ni labarin nan sau biyu a jere. Wallahi don kada ya yi na uku na tashi na yi wanka."

Muka yi dariya har mai gadin ɗakin karatu ya leƙo, sannan muka koma share hawaye. Ban san Kaka ya taɓa zuwa wurin ba. Ranar, ina tunawa, cewa ya yi zai je duba yadi.

Haka na shafe mako biyar. In na tashi daga aiki sai in hau jirgin ƙasan monorel ko bas, in nufi gidan da kwano ya fito. Liman na da kamfas, kuma ya ba ni labarinsa ba tare da ya tsallake Japan ba. Dattijon da jirgi ya bari yana da hular matuƙi, ya ce tunda ta ci masa tafiya guda gara ta zauna a gidansa. Na tarar da mutum biyu da maɓallan riga ɗaya, kowa da labarinsa daban, suka kusa dambe a waya, na rubuta duka biyun. Kambun tankin masallaci yana wurin Baffa, kuma yanzu shi ke rantsuwa cewa na jirgi ne. Jakar bakko ba ta taɓa dawowa da ƙarfe ko ɗaya ba. Littafin ne ya yi ta nauyi.

Wajen gida na ashirin abin ya faɗo mini. Babu abu ɗaya da ya je hannun da ba nasa ba. Kowa abin da aka azabtar da shi da labarinsa aka jefa masa a kwano. Na dawo gida na zauna a bakin tabarmar Iya, na ce, "Ya aka yi kika san na kowa?"

Ta ce, "Bangon gidan nan kwali ne. Shekara talatin ina kicin ina ji. Ke da aka ba littafi kika toshe kunne, ni da ba a ba ni komai ba na haddace." Ta ja carbi biyu. "Da na bar su a ɗaki, rufe ƙofa za ki yi ki ce gobe. Kafin shekara baffanki ya kira 'yan gwangwan. Na san ki, kunyar bara ba za ta hana ki bin su ba, kuma na san su, ba mai barin ki ki tashi bai amayar miki da abin da aka ɗura masa ba."

Na ce, "Amma ai kin tsani kayan nan."

"Ƙurarsu na tsana," in ji ta. "Ke kika taɓa share ɗakin?"

Ranar sadakar arba'in suka dawo da kwanukansu cike da abinci, kuma ba tare da an ce su yi ba, kusan kowa ya zo da abinsa a hannu. Aka jera su a kantoci, ɗakin ya koma yadda yake na yini guda. Na yi abin da jikoki ke yi: na sa hularsa da babbar rigarsa, na ɗauko cokali na dire gaban liman lokacin da ya kai loma ta biyu, na fara, "Wannan cokalin da kake gani..." Falon ya kaure. Iya ta daka mini tsawa daga tabarma cewa in cire rigar mijinta, na gyara hula na ce, "A nutsa!" na shige ɗaki. Daga ciki na ji dariyar ta koma wani abu dabam. Ni ma na daɗe ban fito ba.

Kafin magariba kowa ya ɗauki abinsa da kwanonsa ya tafi, da dabino a ciki wannan karon. Muka rage ni da Iya da Baffa. Na ɗauko 'yar kwalbar nan na ajiye a gabanta, na buɗe shafin ƙarshe. Na ce, "Saura wannan. Babu wanda ya san labarinta, kuma wani ya zubar da ruwan."

Baffa ya ce, "Zamzam ce lah. Iya ta ba ni ranar jana'iza, ta ce in yayyafa a kabarin."

Iya ta ce, "Da na ce maka ruwan teku ne, da ka tsaya yi mini turanci." Ta juya kwalbar a hannunta, ta ce in rubuta.

Mahaifin Kaka soja ne. Lokacin babban yaƙin Turawa aka kwashe su zuwa Ikko, aka zuba su a jirgin ruwa za a kai su ƙasar Bama da ke can Asiya, ya bar matarsa da ciki. Bayan yaƙi wani abokin tafiyarsa ya dawo ya ce jirginsu bai kai ba, wani abu ne ya harbe shi daga ƙarƙashin ruwa, abin da ba wanda ya gani da ido. Babu gawa, babu kabari, ko hoto babu. Cikin nan shi ne Kaka. Ya tashi yana ganin sa'o'insa suna bin iyayensu, ko aƙalla suna da tudun ƙasar da za su tsaya a kai su yi addu'a, shi kuwa sai dai a nuna masa gabas a ce can cikin ruwa.

"Da farko so yake ya ga fuskar abin da ya maraita shi," in ji Iya. "Da ya fara tara kayan, ya sa ana karanta masa wasiƙun, sai ya tarar su ma 'ya'yan mutane ne, da yawansu a can ƙasan suka ƙare, su ma ba kabari. Sai ya ce mini, ai maƙwabtan babana ne, ya kamata in san su. Duk shekara in ya ce ya tafi Penang neman kaya, jirgin fito yake shiga, ya zura kwalbar nan da igiya ya sabunta ruwan, ya yi masa addu'a. Ya ce ruwan duk ɗaya ne, zagayawa yake. Shi ya sa da babanki ya matsa mu koma Kano ya ƙi. Ya ce a nan ya fi kusa da shi."

Baffa ya cire tabarau ya rufe fuska da hannu. Iya ta ce, "Shekara tamanin ɗa da uba ba su taɓa haɗuwa ba. Na ce to, a zuba masa, su gaisa."

Can na ce, "Iya, wato abin da na kurɓa ranar nan..."

"Kakan babanki kika kurɓa," in ji ta. "Shi ya sa kika ci jarrabawar, don ba karatu kika yi ba."

Ta miƙo mini kwalbar. Ta ce a duk kwanukan makokin nan ita kaɗai ce ta dawo mata fanko, kuma ba a gidanta za a fara wannan ba. In ta fita takaba in kai ta bakin ruwan nan.

Kaka, abu biyu ka ɗora mini. Na rubutu na cika shi, a makare, da bakin mutanen da ka tsare a kan tuwo. Na rabawa kuwa matarka ce ta karya, kuma ka san ba a cin ta gardama. Kayanka suna gida talatin da wani abu a garin nan, ana goge su, ana tsare baƙi da labarinsu. Na ji an ce Dakta Saura Kaɗan ya riga ya sa wani ya makara lacca. Ina kewarka, tsoho. Har yanzu in na wuce ƙofar ɗakin nan sai na saci kallo ko bututun zai leƙo.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka har da shekara biyun Japan, ya jiƙan mahaifinka, ya zaunar da ku wuri ɗaya inda ba ruwan da zai sake shiga tsakani. Mu kuma ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Saura mako uku Iya ta fita takaba. Kwalbar tana cikin jakata, na kuma tanadi igiya. Wannan karon ban ce gobe ba.